Ƙafata tana sagewa idan na tuƙa keke daga wurin aiki, me zan gyara?

Mai Keken Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta fito da ni.

Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfani da ke Bompai, gidana kuma yana Rijiyar Zaki. Shekarata 41. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 na yi ta lallaɓawa da babur ɗina, daga baya na ga albashin ba zai ɗauki man zuwa da dawowa kullum ba, ga cefane ga kuɗin makarantar yara. Sai na jingine shi a zaure na sayi keke na hannu, irin mai giyar nan da ake shigowa da su gwanjo. Kwana shida nake hawa a mako. Ina fita bakwai saura kwata, in bi ta Kabuga, in miƙe titin BUK har Gidan Murtala, in shiga State Road in ɓulla Bompai. In hanya da sauƙi minti hamsin ne, in da cunkoso awa guda.

Wallahi keken nan ya yi min rana. Jikina ya yi sauƙi, ina samun barci, kuma ƙarshen wata ba na zuwa neman rance. Shi ya sa abin da zan faɗa yake damuna ƙwarai, don ba na so in rabu da shi.

Ƙafar dama ce. Da safe ba ta cika yi min ba. Amma da yamma in na taso, kafin in kai Ɗan'agundi sai in fara jin zafi a gindin yatsuna, daidai tudun nan da ke taka feda, kamar an sa min garwashi a cikin takalmi. Wajen Gadon Ƙaya zafin ya koma tsikari, kamar ana soka min ƙananan allurai a yatsa na uku da na huɗu in an ƙirgo daga babban yatsa. Kafin in kai Kabuga yatsun nan biyu sun sage, ba na jin su ko kaɗan.

Ranar Talatar da ta wuce a nan Kabuga wani mai adaidaita sahu ya tsaya a gabana ba zato. Na ja birki na sauke ƙafar dama, sai na ji kamar katifa na taka, ban ji kwalta ba. Ƙafar ta lanƙwashe na tafi gefe ni da keken gaba ɗaya. Allah ya taimake ni mai motar da ke bayana a hankali yake tafiya. Da na isa gida na cire takalmi zan yi alwalar magariba, na ga shatin igiya da na safa kwance a bayan ƙafata. Na zuba ruwa a yatsun, ina kallon ruwan yana bin su, amma jin sa nake kamar ta cikin tsumma. Sai bayan na idar da salla, kamar minti ashirin, suka fara dawowa, da minjiryar nan mai sa mutum ya cije leɓe.

Ga abin da nake ganin zai taimaka wa mai ba ni shawara. Takalmin da nake hawa da shi sau-ciki ne na fata, mai igiya, mai tsinin baki, lamba 42, da shi nake wuni a wurin aiki. Fedar roba ce, ta dama ta tsage gefe guda ya fita tun watanni, na ce ai tana juyawa na ƙyale ta. Sirdin na ɗaga shi sosai saboda wani abokin aikina ya ce hakan yana hana ciwon gwiwa. Kuma ina son giya mai nauyi, a ganina ta fi cin hanya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mahaifina ciwon suga ne ya yi ajalinsa, kuma daga ƙafa abin ya fara masa. Don Allah wanda ya san keke ko ya san jiki ya faɗa min, daga keken ne ko daga ni ne?

Ɗan Kurna

Wa alaikumus salam. Malam sanyi ne ya shige ka. Ka nemi man zafi ka riƙa shafawa da daddare, kuma ka daina watsa ruwan sanyi da zarar ka sauka daga keke. Yayana ya yi irin wannan. Allah ya ƙara sauƙi.

Tsohon Mai Faci

Ɗana, sannu. Jikana ne yake rubuta min wannan, ni ina faɗa masa. Na fi shekara talatin ina gyaran keke a Tudun Wadan Zariya, kuma tun kafin in gama jin bayaninka na san inda zan fara dubawa. Fedar nan taka.

A zamanin da Raleigh da Phoenix suka cika gari, fedarsu tana zuwa da roba biyu masu kauri, ɗaya gaba ɗaya baya, ƙarfe a tsakiya. In robar ta cinye ta zube, mutanen ƙauye ba sa canjawa, sai su ci gaba da taka ƙarfen tsakiyar zalla, ga buhun masara a kariya. Sau nawa mutum zai zo min ya sauka yana ɗingishi, ya ce ƙafarsa ta mutu, in duba in ga ƙarfen har ya yi ƙyalli don taku. Feda an yi ta da faɗi ne don nauyinka ya bazu a tafin ƙafa. In gefe guda ya fita, duk ƙarfin da kake dannawa wuri ɗaya yake taruwa, wurin da bai fi faɗin yatsa ba. Awa guda kana danna ƙafarka a kan sanda, dole ta yi magana. Kuma ka lura, ta dama ce ta karye, ƙafar dama ce take sagewa.

Ka je ka sayi feda mai faɗi, biyu tare, kada ka sayi ɗaya. Ka tafi da keken ko da tsohuwar fedar, don kaurin tiredinsu iri biyu ne, akwai na ƙananan kekuna akwai na manya. In kai za ka ɗaura da kanka, sifana mai lamba 15 ce, kuma ka sani ta hagu tiredinta a juye yake. Za ka ga an rubuta L a jikin ta hagu, R a jikin ta dama. Dukkansu biyun in za ka ɗaure, ka tura sifanar ta sama zuwa wajen tayar gaba, in za ka kwance ka ja ta zuwa wajen tayar baya. Ka shafa giris kaɗan, ka fara shigar da ita da hannu kafin ka sa sifana. Yara da yawa sun cinye tiredin hannun feda a gabana saboda gaggawa, kuma wannan asarar ta fi ta feda.

Sai sirdi. Abokinka ya faɗi gaskiya rabi. Sirdi in ya yi ƙasa yana cin gwiwa, in ya yi sama kuma sai ka riƙa miƙa ƙafa kana nemo feda da kan yatsu kamar mai leƙen katanga. Ka jingina da bango ka hau, ka sa dundunniyarka a kan feda, ka juya ta baya har ta sauka can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak a nan, ba tare da ka karkata ƙugu ba. In sai ka karkata sannan dunduniyar ta kai, sirdin ya yi tsawo. Ka sa wani ya tsaya a bayanka ya kalli ƙugunka kana tafiya, in yana rangaji dama da hagu, ka sauke.

Mai Keken Rijiyar Zaki

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida jikan naku da ya rubuta. Yanzu na fita tsakar gida na gwada abin da kuka ce. Dunduniyata ko taɓa fedar ba ta yi in ta sauka ƙasa, sai na zamo daga sirdin. Ashe wata da watanni da kan yatsu nake tuƙi ban sani ba. In sauke shi gaba ɗaya lokaci guda, ko kaɗan-kaɗan?

Ɗan Filato

Yaya, bari in sa baki kafin Baba ya dawo. Ni a Jos nake, ina cikin masu fita keke ranar Asabar, mukan yi awa uku awa huɗu a kan hanya, kuma wannan zafin na gindin yatsu babu wanda bai san shi ba a cikinmu.

Maganar sirdi, kaɗan-kaɗan ya fi, don jikinka ya riga ya saba da inda yake. Ka sa alama da biro ko salatif a jikin ƙarfen kafin ka taɓa, ka sauke kamar santimita ɗaya da rabi, ka yi kwana uku, ka ƙara saukewa. In kana son lissafi ka haɗa da gwajin Baba, ga wanda muke amfani da shi. Ka tsaya ba takalmi ka jingina da bango, ka sa littafi a tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da aka samu ka ninka shi da 0.883. Amsar ita ce tazarar da za ta kasance daga tsakiyar cibiyar da hannun feda ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Ana danganta lissafin da Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Wurin farawa ne kawai, kaurin takalmi ma yana canja shi, jikinka ne zai ƙarasa faɗa maka.

Amma ni a wurina, da girmamawa ga Baba, takalmin nan naka ya kai fedar laifi. Ƙafar da ka sa a takalmi ƙarfe shida na safe ba ita ce ta ƙarfe biyar na yamma ba. Ka wuni a tsaye a sito, ga zafin Kano, ƙafa tana kumbura. Sai ka hau keke jini ya ƙara sauka, ta ƙara cika, takalmin fata mai tsinin baki kuwa ba ya buɗa mata. Ka ce da safe ba ta cika yi maka ba alhali feda ɗaya ce, sirdi ɗaya ne. To me ya canja in ba girman ƙafar ba? Shatin igiyar da ka gani ma shaida ne.

Ka raba takalmin aiki da na hawa. Na aikin ka bar shi a wurin aiki ko ka ɗaure a kariya. Na hawan ka nemi kambas ko a gwanjo ne, mai faɗin baki, wanda za ka iya motsa yatsunka duka biyar a ciki. Da yamma za ka je saye, lokacin da ƙafar ta gama cika, da safar da kake sawa. Kafin ka biya ka kama shi da hannu biyu ka gwada naɗe shi. In ya naɗe kamar tabarma ka ajiye, don irinsa kana taka feda zai lanƙwashe ya bar ƙafarka da ƙarfe. Mai taurin ƙasa kake so. Silifa ita ce ta fi kowanne muni, ga laushi ga zamewa. Igiya kuma ka sassauta ramukan da ke kusa da yatsu, ka ɗaure na sama wajen idon sawu.

Sannan inda kake ɗora ƙafar. Kada ƙarfen tsakiyar feda ya zauna a ƙarƙashin yatsu ko daidai wurin da ke yi maka zafi. Ka ɗan tura ƙafar gaba yadda ƙarfen zai koma bayan tudun nan kaɗan. Mu masu takalmin da ke maƙalewa a feda abin da muke yi ke nan, mu kwance ƙarfen ƙasan takalmin mu ja shi baya. Ni milimita biyar na ja nawa, zafin da ya shekara yana bina ya tafi.

Giya mai nauyi kuma ka rage ta. Kowane taku da ƙarfi kake danna jijiyar. Ka ƙirga sau nawa gwiwar dama take hawowa a daƙiƙa 15, ka ninka da huɗu. In ka samu hamsin ko sittin, nauyi ya yi yawa, ka sauko da giya har ka kusanci 80 zuwa 90. Kwanakin farko za ka ji kamar kana wasa da ƙafa ba ka tafiya, ka daure, ka duba agogo in ka isa. Kuma duk minti goma ka ɗan miƙe a kan feda, ka murza yatsu a cikin takalmi. In cunkoso ya tsayar da kai, ka sauke ƙafar ka karkaɗa ta tun kafin ta fara tsikari.

Mu nan lokacin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin safiya ma yana sagar da yatsu. Kuskuren da na yi shi ne na sa safa biyu masu kauri a takalmin da dama ya cika, sai abin ya ƙaru. In hunturu ya zo muku ka tuna da wannan.

Anti Nas

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganarka ta ƙarshe ce ta sa na tsaya rubutu.

A tsakanin dogayen ƙasusuwan da ke kaiwa ga yatsun ƙafa akwai siraran jijiyoyi masu kai saƙon ji. In an matse ƙafa ta gefe da takalmi, aka kuma danna ta ta ƙasa da feda, ƙasusuwan suna matse jijiyar, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita su ma su matse. Zafi ne zai fara, sai tsikari, sai sagewa, kamar yadda ka jero su. Tsakanin yatsa na uku da na huɗu nan ne aka fi samun wannan. In aka bar matsin ya daɗe, jijiyar wurin tana iya yin kauri, mutum ya riƙa jin kamar akwai tsakuwa a takalminsa ko ba ya kan keke. Shi ya sa kada ka ce za ka jure.

Yadda ka bayyana naka, ƙafa ɗaya, yatsu biyu, yana zuwa da tuƙi yana tafiya bayan an cire takalmi, ya fi kama da matsi. Na ciwon suga yawanci ƙafa biyu yake kamawa tare, ya faro daga kan yatsu yana hawowa a hankali, ya fi damun mutum da daddare, kuma bai damu da ka hau keke ko ba ka hau ba. Amma ni ba zan ce maka ka kwantar da hankali ka zauna ba. Shekararka 41, mahaifinka ya yi, ko ƙafarka lafiya lau take ya kamata ka san matsayin suganka. Ka je da safe kafin ka ci komai, bayan aƙalla awa takwas ba abinci. Ƙasa da 100 daidai ne. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. In ya kai 126 ko ya wuce, za a sake gwadawa wata rana kafin a tabbatar. Wasu na'urorin da wani ma'aunin suke nunawa, a nan 7.0 ita ce daidai da 126, don haka ka tambayi wanda ya yi maka gwajin. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo sagewar ƙafa, haka jijiyar da ta matsu tun daga gadon baya, wadda ita takan zo da ciwon da ke saukowa daga kwankwaso ta bayan cinya.

Ɗan Kurna, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma kusan kowa a gidajenmu haka zai ce. Abin da nake tsoro da man zafi da ruwan zafi shi ne ƙafar da ba ta ji ba ta sanin ta ƙone. Na wanke irin waɗannan raunukan da hannuna, na mutanen da suka gasa ƙafa saboda an ce musu sanyi ne. Kada a sa wa ƙafa zafi alhali a sage take.

Malam, in ka ga sagewar ta kwana ba ta sake ka ba, ko ta koma ƙafa biyu, ko ƙafar tana ja da ƙasa in kana tafiya, ko ka ga rauni da ba ka san lokacin da ka ji shi ba, ka ajiye keken ka ga likita a ranar. Abu ɗaya kuma da maza ba sa son faɗa: in sagewar tana taɓa wurin zama ko gaba, hancin sirdin ne yake danna ka. A daidaita shi ya kwanta sosai, kada ya kalli sama.

Mai Keken Rijiyar Zaki

'Yan'uwa na dawo bayan mako uku, don bai dace in karɓi shawara in yi shiru ba.

Anti, washegari na fara da naki. Na je ban karya ba, aka soki yatsana, na tsaya ina kallon na'urar gabana yana faɗuwa. Ta nuna 94. Na fito na zauna a kan benci na yi hamdala, na daɗe ban tashi ba, mahaifina kawai nake tunawa. Mai gwajin ta ce in riƙa dawowa duk shekara, na kuma ɗauka.

Baba, na sayi feda biyu masu faɗi masu ɗan haƙora. Da aka kwance tsohuwar na riƙe ta a hannu, sai na ga abin da ya saura a gefen da nake takawa bai fi kaurin fensir ba, kuma ƙasan takalmina na dama ya yi rami daidai wurin. Na sa babban yatsana a ramin daga ciki, ya zauna daidai inda garwashin nan yake tasowa.

Ɗan Filato, uwargida ta auna ni da tef ɗinta na ɗinki, santimita 81 aka samu, lissafi ya ba da 71 da rabi. Sirdina a 75 yake. Sau biyu na sauke shi, yanzu dunduniyata tana zama a kan feda ƙuguna bai motsa ba. Na samu kambas lamba 43 mai faɗin baki, na aikin kuma yana kwana a ƙarƙashin teburina a sito. Giya ce ta fi ba ni wuya. Da na ƙirga 56 na samu. Yanzu ina wajen 75, ban kai inda ka ce ba, amma minti hamsin ɗina yana nan bai ƙaru ba, kuma gwiwata ta daina nauyin da take yi in na hau matakala.

Sagewar ta tafi. Tun da na canja feda da takalmi ban ƙara sauke ƙafa na rasa ƙasa ba. Abin da ya rage ɗan ɗumi ne a gindin yatsun, shi ma sai ranar da aka sauke mana kaya na wuni a tsaye, kuma in na sassauta igiya a Gadon Ƙaya na karkaɗa ƙafar yakan lafa kafin Kabuga.

Baba, saura tambaya ɗaya. Sabuwar fedar hagu tana ɗan yin ƙas-ƙas duk juyi ɗaya in na danna da ƙarfi. In mayar wa mai kayan ne?

Tsohon Mai Faci

Alhamdu lillahi, ɗana, na ji daɗin labarin gwajin nan fiye da na fedar. Kada ka yi saurin mayarwa. Ka kwance ta, ka goge tiredin da tsumma, ka sa giris, ka mayar ka ɗaure sosai, yawanci rashin ɗauri ne. In ba ta daina ba, ka kama ta da hannu ka girgiza. In tana wasa a kan ƙarfenta boris ɗin ne, sai ka kai masa ya canja maka. Ka duba notin hannun fedar na hagun ma, shi ma yakan yi irin wannan kukan in ya saki.